Hoto Ya Nuna Guringuntsin Wuyan Hannu Ya Yage: Cuta Ce Ko Shekaru?

A jihar Agadez hannu shi ne jari. Maƙerin azurfa da ke goge kayan adon tanaghilt da magagari, da ɗan ayarin da ke ɗaure kantun gishiri a Bilma, da mai lambun albasa a Tabelot, da macen da ke dukanci ko saƙar tabarma, da saurayin da ke fasa dutse a ramukan zinariyar Jado da Cibarakaten tun da aka gano ta a 2014, duka da wuyan hannu suke ci. Idan ya yi ciwo, tukunyar gida ce ke fara ji. Shi ya sa in ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mai ɗan hali yakan kama hanyar Yamai don a yi masa hoton maganaɗisu, wanda a Nijar ake kira IRM, a Najeriya kuma MRI. Sau da yawa takardar sakamako takan dawo da labarin cewa wani guringuntsi a wuyan hannun ya yage ko ya huje.

A nan ne likitocin hannu suka rabu biyu. Wasu na cewa abin da hoton ya gani, musamman ga wanda ya manyanta, aikin shekaru ne, kuma bin sa da wuƙa ɓarna ce. Wasu na cewa wannan magana ta dace da ƙasashen da na'urori suka yi wa yawa, amma a wurin da samun hoton kansa sai an sha wuya, raina abin da ya nuna zalunci ne ga mai ciwo. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Abin da ke cikin wuyan hannu

Ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannu. Ɗaya ya sauko ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa. Ƙarshen na biyun shi ne ɗan tudun nan da kowa ke iya shafawa a bayan wuyan hannunsa. Tsakanin wannan ƙashi da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu akwai wani siririn guringuntsi mai kusurwa uku, jijiyoyin ɗauri sun kewaye shi. A 1981 wasu masu bincike biyu a birnin Syracuse na Amurka, Andrew Palmer da Frederick Werner, suka bayyana tsarinsa dalla-dalla suka ba shi sunan da likitoci ke taƙaitawa da TFCC.

Aikinsa biyu ne. Yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke bi ta wuyan hannu idan mutum ya dafa ƙasa ko ya damƙi abu, sannan yana ɗaure ƙasusuwan sangali biyu don kada su goce lokacin da ake juya tafin hannu, kamar wajen murɗa makulli ko matse wanki. Jini yana isa gefunansa ne kawai, tsakiyarsa ba ta samu. Saboda haka gefen da ya yage yana iya haɗewa in an ɗinke shi, tsakiyar kuwa in ta cinye ta cinye ke nan. Kamar gammo yake: tsakiya tana iya zama a huje, amma muddin gefe na da ƙarfi, kaya na zaune daram.

Masu cewa shekaru ne

Hujjarsu ta farko ta girmi hoton maganaɗisun wuyan hannu. A 1978 wani likitan ƙashi mai suna Mikic, daga Novi Sad ta tsohuwar Yugoslabiya, ya duba wuyan hannu 180 na mamata, daga jarirai har zuwa tsofaffi tukuf. A cikin waɗanda ba su kai shekara 20 ba bai sami huji ko ɗaya ba. Daga shekaru 20 zuwa 30 sai ya fara ganinsa jefi-jefi, ya yi ta ƙaruwa, har ya zamana a cikin waɗanda suka haura 60 fiye da rabi guringuntsinsu a huje yake.

Da na'ura ta zo, sai ta tabbatar da hakan a jikin rayayyu. A wani bincike da aka wallafa a 2012 daga Kanada, an yi wa mutane 103 da ba su da wani ciwon hannu hoton maganaɗisu, aka ga tangarɗa a guringuntsin 39 daga cikinsu. A 2014 kuma wasu masu bincike, Chan da Teunis da David Ring, daga Boston, suka tattara binciken da aka yi a baya suka haɗa lissafi. A cikin mutanen da hannunsu lafiya lau yake, kashi 15 cikin 100 na ƴan ƙasa da shekara 30 suna da wannan tangarɗa, ga ƴan 70 zuwa sama kuwa adadin ya kai kashi 49. Ma'ana, da za a tara dattawan da ke zaune a inuwar babban masallacin Agadez bayan la'asar a yi musu hoto, kusan rabinsu za a rubuta musu takarda mai tayar da hankali, alhali babu abin da ke damunsu.

Ba wuyan hannu kaɗai ke da wannan hali ba. A 1994 an yi wa mutane 98 marasa ciwon baya hoto a Amurka, sai aka tarar kashi 36 cikin 100 ne kawai faya-fayan ƙashin bayansu ba su da wani aibu. A 2008 binciken garin Framingham ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na masu yagaggen guringuntsin gwiwa ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabaci hoton. A 2013 kuma likitocin Finland suka raba marasa lafiya 146 gida biyu: wasu aka yanke musu guringuntsin gwiwar da ya cinye, wasu aka yi musu tiyatar jeka-na-yi-ka ba tare da an yanke komai ba. Bayan shekara guda, sauƙin da suka samu ɗaya ne.

Daga nan sai masu wannan ra'ayi su ce: idan rabin tsofaffi suna ɗauke da abu ba tare da ciwo ba, ganinsa a hannun tsohuwar da ke ciwo bai nuna cewa shi ne mai laifi ba. Wataƙila ya shekara goma a wurin. Ciwon na iya fitowa daga kumburin jijiyar da ke bi ta gefensa, ko amosanin gaɓɓai, ko gajiyar daka.

Kuskuren kuma yana da tsada, kuma tsadarsa a Agadez ta fi ta Boston nesa ba kusa ba. Daga Agadez zuwa Yamai, ta Abalak da Tawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiya ce ta kusan kilomita dubu, kuma duk wanda ya bi hanyar Tawa ya san yadda take. Marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga kuɗin hoto, ga sana'ar da aka rufe. Idan takarda ta ce yagewa, tafiya ta biyu ta kama, wani lokaci har zuwa Aljeriya ko Tunisiya, a sayar da awaki ko a ci bashi. Tiyatar ma ba ta rasa nata haɗari: hannu na iya sandarewa, ana iya taɓa jijiyar ji da ke bayan wuyan hannu, in kuma an rage tsawon ƙashi yana iya ƙin haɗewa. Ga wata ɓarna da ba a cika lissafa ta ba, wato tsoro. Mutumin da aka gaya wa cewa hannunsa ya yage yakan daina amfani da shi, ƙarfi ya ragu, ciwo ya ƙaru, sai ya ɗauka hoton ya yi gaskiya. Alhali mafi yawan irin wannan ciwo yana lafawa da hutu, da ɗaure hannu na makonni huɗu zuwa shida, da maganin kumburi, da motsa gaɓa a hankali.

Masu cewa kada a raina hoto

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma. Cewa yake a karanta su har ƙarshe. Idan kashi 15 na matasa masu lafiya suna da tangarɗa, to kashi 85 ba su da ita. Kuma wancan lissafi na 2014 ya nuna cewa a cikin masu ciwo adadin ya fi yawa, har ya kai kashi 70 a tsakanin ƴan shekara 50 zuwa 69. Ke nan tsakanin yagewa da ciwo akwai alaƙa, ko da ba kullum take ba.

Sannan su wa ke cika layin asibiti a Agadez? Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan yara da matasa a duniya, kusan rabin jama'arta ba su wuce shekara 15 ba. Mai ciwon wuyan hannu a nan galibi ba ɗan 70 ba ne. Ɗan kabu-kabu ne da ya faɗi ya tare ƙasa da tafin hannu, ko mahaƙin zinariya da igiya ta fizge shi, ko makiyayin da raƙumi ya kayar. Tun 1989 Palmer ya raba wannan matsala gida biyu: wadda rauni ya haddasa, da wadda cinyewa ta haddasa. Ta farkon tana iya faruwa a gefe, inda jini ke zuwa, inda kuma jijiyoyin ɗauri suke. Idan jijiyar ɗauri ta tsinke daga tushenta, ƙasusuwan biyu sukan riƙa gocewa, hannu ya rasa ƙarfi, kuma in an bar shi haka gaɓar takan lalace da wuri. Gyara da wuri ya fi sauƙi, ya fi kyawun sakamako. Ce wa irin wannan saurayi ya yi haƙuri tsufa ne, ai ko hankali ba zai ɗauka ba.

Ko ga tsoho ma, in ji su, cinyewa ba ta nufin rashin ciwo. Akwai mutanen da ƙashin gefen ƙaramin yatsa ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, ko tun haihuwa ko bayan karayar da ta haɗe a karkace. Palmer da Werner sun auna cewa ƙarin milimita biyu da rabi kacal yana ɗaga nauyin da ke bi ta wannan gefe daga kashi 18 zuwa kusan 42 cikin 100. Ƙashin sai ya riƙa dukan guringuntsin da ƙasusuwan da ke gabansa duk lokacin da aka damƙi taɓarya ko guduma. Wannan cuta ce sananniya, tana da magani, kuma hoton maganaɗisu yana nuna tabon dukan a jikin ƙashi.

Hoton kuma yana gano abin da ba a tafi nema ba amma yana da haɗari. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da yakan tsage ba tare da hoton ƙashi na farko, wanda muke kira radiyo, ya nuna ba, kuma in an yi sake ɓangarensa na iya mutuwa don rashin jini. Akwai cutar da likitan Vienna Robert Kienböck ya bayyana a 1910, inda wani ƙashi a tsakiyar wuyan hannu ke mutuwa sannu a hankali. Akwai tarin fuka da ke kama gaɓa, da ƙwayoyin cuta da ke shiga ƙashin masu sikila. Duk waɗannan suna iya fara kama da targaɗe.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta adalci. Gargaɗin a rage hoto ya taso ne daga ƙasashen da ake yi wa mutum hoto don ya ce kafaɗarsa ta ɗan yi tsami. A arewacin Nijar matsalar ita ce rashi. Na'urar tana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da sanyi, da ƙwararrun da za su kula da ita su karanta abin da ta fitar. Mutane da yawa wurin maɗori suke fara zuwa, wasu su dace, wasu kuma a matse musu karan ɗori har hannu ya kumbura. Kuma tsohuwar da aka sallama da "Inna, shekaru ne, sai haƙuri" ba fansho gare ta ba. Da wannan hannu za ta ci gaba da daka da ɗiban ruwa. Ga masu wannan ra'ayi, kalmar tsufa ta daɗe tana zama hanyar sallamar talaka ba tare da an duba shi ba, bai kamata a ba ta rigar ilimi ba.

Inda nauyin yake

Idan aka dubi hujjojin da kyau, gardamar ba a kan gaskiyar na'ura take ba. Na'urar da ta fito daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2003, tana nuna abin da ke wurin, ko da yake a guringuntsi ƙarami irin wannan takan yi kuskure, kuma masu karatu biyu sukan saɓa a kan hoto ɗaya. Abin da ba ta iya faɗa shi ne yaushe abin ya faru, da kuma ko shi ke sa ciwo. Waɗannan amsoshi biyu suna bakin marar lafiya da yatsun likita.

Dubi yadda ƙwararren likita ke yi. Zai zaunar da mutum su fuskanci juna, gwiwar hannu a kan tebur, yatsu suna kallon sama. Zai ce, "Baba, nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Daga nan sai ya cusa babban yatsansa cikin ɗan lungu mai taushi da ke gaban tudun ƙashin nan, ta gefen ƙaramin yatsa. In mutum ya zabura ya ce nan ne, wannan alama ce. Sai ya riƙe ƙashi ɗaya gam, ya tura ɗayan gaba da baya ya ji ko yana lilo, sannan ya yi haka a ɗaya hannun mai lafiya don kwatance. Zai ce masa ya dafa hannun kujera ya ɗaga jikinsa. Zai tambaya ko an faɗi, da yaushe, da ko ana jin ƙas idan an murɗa. Duk wannan bai wuce ƴan mintoci ba, ba ya son lantarki, kuma ana iya yinsa a asibitin jiha na Agadez ko a Arlit ko a Ingal. Radiyo na biye, don a ga karaya da tsawon ƙasusuwan.

Da wannan a hannu, hukunci yakan fito fili. Saurayi ɗan 22 da ya faɗi daga babur, ciwo a daidai wannan lungu, ƙashi na lilo: hoton maganaɗisu ya cancanci tafiyar Yamai, domin abin da zai nuna shi zai tsara tiyata, kuma jinkiri asara ne. Mace ƴar 60 da ciwo ya shigo mata sannu-sannu, ba faɗuwa, gaɓa na zaune, radiyo bai nuna komai ba: kusan an san abin da hoto zai ce tun kafin a shiga mota, kuma ba zai sauya maganin farko ba. Ita a ɗaure mata hannu, a rage mata daka, a ba ta magani, a sake ganinta bayan wata ɗaya ko biyu. Wannan ba sallama ba ce, magani ne, da sharaɗin cewa an sa mata ranar dawowa kuma an duba ta da gaske. In ciwo ya ƙi bayan watanni, ko kumburi ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko ciwon da ke hana barci, to lissafi ya sauya, sai hoto.

Akwai abin da ya kamata a yarda da shi daga ɓangare na biyu ba tare da ja-in-ja ba. Alƙaluman da ake kafa hujja da su an samo su ne daga Turai da Amurka da Kanada, daga mutanen da yawancinsu ba su yi shekara arba'in suna daka ko jan guga ba. Sai dai wannan hujja kaifi biyu gare ta. Idan aikin ƙarfi yana sa guringuntsi ya cinye da wuri, to tsofaffin tabo marasa ciwo za su fi yawa a hannun mutanenmu, har a tsakanin ƴan 40. Wannan dalili ne na ƙara taka-tsantsan da takarda, ba na ƙara dogaro da ita ba.

Wasu sun ba da shawarar a riƙa rubuta a jikin sakamako cewa kaza cikin ɗari na masu irin waɗannan shekaru suna da wannan abu ba tare da ciwo ba. An gwada haka a Amurka a kan hotunan baya, aka wallafa sakamakon a 2020: bai rage yawan jiyyar da ta biyo baya ba, ya dai ɗan rage rubuta magunguna masu ƙarfi na kashe zafi. Ke nan layi ɗaya a takarda ba ya maye gurbin zama da mutum a yi masa bayani da Hausa ko Tamajak, musamman inda takardar da Faransanci take kuma ɗan rakiya ne zai fassara ta a tasha.

A nawa ganin, ɓangaren farko ya fi gaskiya game da ma'anar hoton, na biyu ya fi gaskiya game da halin da marar lafiya yake ciki. Haɗa su yana nufin tsari: labari, sai dubawa da hannu, sai radiyo, sai ɗan lokaci, sannan hoton maganaɗisu ga wanda amsarsa za ta sauya wa magani. Jihar da ke da nisa irin na Agadez za ta fi cin riba idan ta fara da radiyo mai aiki kullum, da ma'aikatan jinya da aka koya wa duba gaɓa, da masu gashin ƙashi, da hanyar aika hoto ta intanet ga ƙwararre a Yamai, da kuma fahimtar juna da maɗora don su san raunin da ya fi ƙarfinsu su tura shi asibiti.

Shi kuma wanda aka ce ya je hoto, ko ya dawo da takarda, yana da haƙƙin yin tambayoyi uku cikin ladabi: "Likita, wurin da hoto ya nuna shi ne wurin da nake jin ciwo? Masu shekaruna da ba su da ciwo suna da irinsa? In na jira wata biyu, me zan rasa?" In maƙeri ne ko mai walda, ya faɗa tun kafin a shigar da shi ɗakin, domin maganaɗisun na iya motsa ɓurɓushin ƙarfen da ya taɓa shiga ido. Likitan da ya amsa waɗannan tambayoyi yana riƙe da hannun mutum, ba takardar kaɗai ba, shi ne ya cancanci a bi maganarsa, ko ya ce a yi tiyata ko ya ce a koma gida a ɗaure.